Ruwan Dai Ɗaya Ne

A tsibirin Amantani, tsakiyar tafkin Titikaka,
inda numfashi ke gajarta don tsayin ƙasa,
ajina ɗaki ne mai taga biyu,
yara goma sha tara, allo ɗaya.

Da safe sanyi na cizon yatsu,
sai an hura hannu kafin a riƙe fensir.
Na rubuta: arba'in da uku, a ɗebe sha bakwai.
Ban ajiye alli ba, Fermin ya zabura,
"Talatin da huɗu, Malama Teodora!"
Ya zauna jiran yabo, baki cike da dariya.

Ban ce a'a ba, ban ɗauko jan biro ba.
Na ce, "Fermin, babanka mai kwalekwale ne.
In ya kai mutane Puno da sassafe,
ta ina yake komowa da yamma?"
Ya ce, "Ruwan dai ɗaya ne, Malama."
Na ce, "To haka lissafi ke tafiya.

Abin da ka ɗebe, mayar masa.
Ɗora sha bakwai a kan amsarka,
mu ga ko za ta kai ka gida."
Ya sunkuya, leɓe na motsi.
Hamsin da ɗaya.
Ya sake. Hamsin da ɗaya.
Kunnuwa suka yi ja a ƙarƙashin hular ulu,
jirginsa ya zarce gaɓa da takwas, ya saki hanya.

Na kwance ƙullin zane a kan tebur,
busasshen dankali, baƙi, ƙanana kamar tsakuwa,
irin wanda iyaye mata ke shanyawa a sanyin dare.
Ya ƙirga arba'in da uku, ya ware sha bakwai gefe,
ashirin da shida suka rage.
Ya sake haɗe su, ba wanda ya sa shi.
"Sun cika!" in ji shi, "ba wanda ya ɓuya!"

Na ce musu, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.
Kada ku jira ni in ce daidai.
Ran da ba na nan fa?
Amsa tana da baki, ku tambaye ta,
in ta mayar da ku inda kuka taso, ta faɗi gaskiya.

Sati uku suka wuce.
Wata Laraba na zo ido jawur,
tarin mahaifiyata ya hana ni barci daren jiya.
Ashirin da takwas, a tara sha biyar,
na rubuta talatin da uku, na ja layi biyu.
Yara sha takwas suka kwafe.
Nelida ce ba ta kwafa ba,
wadda kullum ita ce ta ƙarshe,
mai kaɗa zare a ƙarƙashin benci,
wadda tun farkon shekara ban san kalar muryarta ba.
Ta ɗaga hannu rabi, kamar mai jin kunya.

"Malama, na koma baya,
ban iske ashirin da takwas ba.
Sha takwas na tarar."

Aji ya yi tsit, har ana jin ruwa na dukan duwatsu.
Na duba. Goman da na riƙe a zuci
na bar ta a gaɓa, jirgi ya tashi ba ita.
Na miƙa wa Nelida alli.
Ta yi ɗage, ta goge da gefen hannu,
ta rubuta arba'in da uku, huɗun a karkace.
Fermin ya ce, "Ai tamu ce ta dawo!"
Ni ma sai da na yi dariya.

Da yamma ina gangarawa tsakanin gonakin dankali,
na ji shi a bakin garken dutse
yana ƙirga tumakin kakarsa.
Ya kai ƙarshe, bai rufe ƙofa ba,
ya faro daga ta baya.

A gida na zazzage ƙwayoyin maganin tsohuwa a tafi.
Sha huɗu ya kamata su rage.
Na ƙirga. Na matso da fitila,
na sake ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya.